Akanta da ƙirƙira: amsa ga mai jin aiki ya dakushe masa basira

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekararka shida a sashen kuɗi, daga rasit sai jadawali, wata ya ƙare a rufe lissafi, wani ya kama a buɗe sabo. Lokacin da kake makaranta kana zane, kana ɗan taɓa rubutun waƙa, yanzu kuwa ji kake kamar ƙwaƙwalwarka ta yi tsatsa. Abin da kake son sani shi ne ko ƙirƙira tana da gurbi a irin wannan aiki, ko kuwa ta mawaƙa da masu zane ce kaɗai, wanda ya faɗa ofis sai haƙuri.

Tana da gurbi, babba ma kuwa. Na yi kusan shekara ashirin ina shiga ma'aikatu da masana'antu ina duba yadda aiki ke gudana da inda yake cijewa, kuma a cikin mutanen da basirarsu ta fi girgiza ni, babu ko ɗaya da ya taɓa kiran kansa mai fasaha. Akawuna ne, da masu gadin sito, da nas-nas, da kanikawa.

Masu binciken wannan fanni sun daɗe da tsayawa a kan sharaɗi biyu: kafin a kira abu ƙirƙira sai ya zama sabo, kuma ya yi amfani. Sabon da bai tsinana komai ba shirme ne. Mai amfanin da kowa ya riga ya sani kuwa bin sawu ne. Kuma sabuntar nan ba sai duniya ce ba ta taɓa ganin abin ba, ya isa a ce a wurin da kake ba a taɓa yin haka ba. Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard, wadda ta shafe shekaru tana nazarin ƙirƙira a wuraren aiki, ta ce abubuwa uku ne ke haɗuwa su haife ta: ƙwarewa a fannin, iya juya matsala a kalle ta ta wata fuskar, da son aikin don kansa. Ka lura da na farko. Shekaru shidan da kake gani kamar sun cinye ka, su ne jarinka. Wanda bai san lissafi ba ba zai taɓa gyara yadda ake yin lissafi ba, komai kaifin kansa.

Bari in ba ka labarin ranar da aka koya mini wannan, don ban ji da daɗi ba. Wani kamfani ya kira ni saboda siton kayan gyaran injinansu. Kanikawa na ƙorafin cewa in sun zo karɓar kaya sai sun tsaya har ƙafa ta gaji, inji kuma yana can tsaye. Na yi mako biyu ina auna lokaci da agogo, na rubuta rahoto mai kauri, na ba da shawarar a sayo manhaja da na'urorin karanta lamba. Kafin shugabanni su zauna a kan rahoton sai na koma siton ɗaukar wata takarda, na tarar layin ya ɓace. Mai kula da siton dattijo ne wanda karatunsa bai yi nisa ba. Ashe tun kafin in zo, duk lokacin da aka nemi wani abu sai ya ja ɗan layi da alli a jikin katakon kantar da abin yake. Da wata ya cika sai ya bi kantocin yana duba allin. Wasu katakon sun yi fari fat, wasu ko ɗigo babu. Ya kwaso kayan da suka sha alli ya jera su dab da ƙofa, daidai tsayin ƙugu, inda ba sai an sunkuya ko an hau tsani ba. Waɗanda sai shekara ake nemansu ya kai su can ƙurya. Da can an jera komai ne bisa lambar kaya, tsari mai kyau a takarda, mai wahala a ƙafa. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, gwiwata ce ta koya mini." Abin da ya yi yana da suna a littattafan sarrafa sito, ni ma na karanta shi a jami'a. Amma ni da na karanta ban gan shi ba, shi da gwiwa ke ciwo ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kamfanin Toyota a kan wannan fahimtar ya gina kansa. Tun 1951 suka kafa tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, kuma mafi yawan abin da ke shigowa ƙanana ne: a matso da akwatin kusoshi, a sauya tsayin tebur, a juya hannun wata na'ura. Sun kuma ba ma'aikacin layin haɗa motoci ikon jan igiya in ya ga matsala, shugabansa ya zo da gudu, in ba a warware ba layin ya tsaya. Taiichi Ohno, injiniyan da ake danganta tsarin da shi, yana da wata ɗabi'a da ta shahara: in abu ya ɓaci a tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin a yarda an kai tushe.

Gwada ta a teburinka. A ce rufe lissafin wata ba ya kammaluwa sai 10 ga sabon wata. Me ya sa? Rasit ɗin rassa ba sa isowa da wuri. Me ya sa? Ana tara na wata guda ne a aiko gaba ɗaya. Me ya sa ake tarawa? Fom ɗin da ke raka su sai manajan reshe ya sa hannu, shi kuwa sau ɗaya a wata yake zama a kai. Me ya sa sau ɗaya? A nan ne sau da yawa za ka ji an yi shiru, can wani tsohon ma'aikaci ya tuna cewa an kafa dokar ne tun zamanin da ake ɗauko takardu a mota. Motar ta daɗe da shiga bola, dokar tana nan da ranta. Kowane ofis yana da irin waɗannan gawarwakin dokoki, ana binsu da ladabi, ba wanda ya san dalilinsu. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai ƙirƙira a ofis shi ne wanda hancinsa bai toshe ba.

Ka kuma san cewa kayan aikin da ke gundurarka yau, kowannensu ƙirƙirar wani ce da ta tsufa har ta zama al'ada. Littafin da al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta fito, babban ɓangarensa kan rabon gado da wasiyya ne, wato matsalolin alƙalai da 'yan kasuwa. Tsarin rubuta kowane ciniki a gida biyu, gidan shiga da gidan fita, dabarar fataken Italiya ce don kuskure ya tona asirin kansa, Luca Pacioli ya zo ya bayyana ta a littafi a birnin Venice a 1494. Jadawalin kwamfuta da kake buɗewa kowace safiya ya samo asali daga wani ɗalibin kasuwanci, Dan Bricklin, da ya gaji da sake lissafi tun daga farko duk lokacin da lamba ɗaya ta canza. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fito da VisiCalc a 1979.

Amma wadda nake so ka fi tsayawa a kanta, tunda ka ce kana zane, ita ce Florence Nightingale. Kowa ya san ta da jinya, kaɗan ne suka san ta da alƙaluma. Ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya ta yau, a 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, kuma bayan yaƙin ta zauna a kan lissafin mace-macen sojoji. Alƙaluman sun nuna ƙarara cewa cututtukan da za a iya karewa, irin su kwalara, taifot da atini, sun kashe sojoji fiye da raunukan fagen fama nesa ba kusa ba. Sai dai ta san manyan da za su yanke hukunci ba sa karanta jerin lambobi. A 1858 sai ta fitar da wani zane mai kama da fure: da'ira ce da aka yanka gida goma sha biyu, kowane yanki wata ɗaya. Shuɗi na waɗanda cuta ta kashe, ja na waɗanda rauni ya kashe, baƙi na sauran dalilai. Kallo ɗaya za ka yi ka ga shuɗin ya mamaye takardar, jan ya maƙale a tsakiya ɗan mitsitsi. Ba ta ƙara ko lamba ɗaya ba, ba ta rage ba. Abin da ta canza shi ne yadda ido ke cin karo da lambobin. Yanzu tuna rahoton da kake miƙa wa shugabanka kowane wata, shafi nawa ne, kuma nawa yake karantawa a ciki? In mutumin da ya iya zane ya zauna ya mayar da shafi goma sha biyar zuwa shafi ɗaya da ke nuna inda kuɗi ke zurarewa, ya yi aikin da sauran abokan aikinsa ba za su iya ba. Hannun da ke zane a makaranta shi ne dai wannan.

Ga kashedi kuma, don a sana'arka ya fi ko'ina muhimmanci. Akwai inda ƙirƙira haramun ce. Lambobin kansu ba wurin nuna basira ba ne. Kamfanin Enron na Amurka yana da masu kai sosai a sashen kuɗi, suka yi amfani da kan wajen ɓoye basussuka a wasu kamfanonin gefe don littafin uwar kamfani ya yi kyau. A Disamban 2001 kamfanin ya durƙushe, ya ja kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen suka faɗa tare. Ka ƙirƙiri hanyar tattara lamba, da hanyar tantance ta, da hanyar nuna ta, amma lambar a bar ta yadda take. Haka matuƙin jirgin sama ba ya shigo da salo wajen duba jirgi kafin tashi, likita ba ya gwada sabuwar dabara wajen wanke hannu. Abin sha'awar shi ne, ita kanta takardar bin ƙa'ida daki-daki da suke amfani da ita ƙirƙira ce. Matuƙa sun fara ta bayan faɗuwar wani sabon jirgin Boeing a wajen gwaji a 1935, saboda an manta ba a saki makullin na'urorin sarrafa shi ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinta don ɗakin tiyata, mai abubuwa 19, kuma gwajin da aka yi a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Wani ya yi tunani mai zurfi sau ɗaya don dubban mutane su huta da dogaro da tunawa.

Daga wannan misalin ka ga wata hanyar da sababbin dabaru ke zuwa: aro daga maƙwabta. Likitocin tiyatar zuciyar yara a asibitin Great Ormond Street na Landan sun lura cewa lokacin miƙa majinyaci daga ɗakin tiyata zuwa sashen kulawa ta musamman ne ake yawan kuskure, ga wayoyi, ga bututu, ga mutane kowa na magana. Sai suka je suka koyi yadda ma'aikatan tseren motoci na Ferrari ke canza tayoyi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kowa da wurin tsayuwarsa, mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Suka dawo suka tsara miƙa majinyaci a kan haka, kurakurai suka ragu. Malcom McLean kuma mai manyan motocin dakon kaya ne, ba shi da gadon harkar jirgin ruwa, shi ya sa bai ɗauki sauke kaya ɗaya bayan ɗaya a tashar ruwa a matsayin dole ba. A Afrilun 1956 jirginsa Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Lodin tan ɗaya da hannu yana cin sama da dala 5 a lokacin, da kwantena ya koma kimanin santi 16. Don haka in ka samu dama ka riƙa leƙa sashen da ba naka ba, ka zauna da masu sayayya ko masu sito ka ga yadda takardar da ke zuwa teburinka take haihuwa.

Kada kuma ka jira sai an ba ka kayan aiki. Rashi ma yana haifar da dabara. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, a 1978, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure jariran a ƙirjinsu, fata da fata, ɗumin jikin uwa ya maye gurbin na'ura. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar wannan hanya ga jarirai marasa nauyi a ko'ina.

To ta ina za ka fara? Shawarar da nake ba kowa ita ce ya samu ɗan littafi, ni ina kiransa littafin takaici. Mako biyu, duk abin da ya sa ka tsaki a wurin aiki ka rubuta shi da lokacin da ya ci maka: lambar da kake kwafa daga wannan fayil zuwa wancan da hannu, sa hannun da ake jira kwana uku, tambayar da rassa ke bugo waya suna yi kullum saboda fom ɗin bai fito da ita fili ba. Kada ka nemi mafita tukuna, rubutawa kawai. In mako biyu sun cika ka duba wanda ya fi maimaituwa. Wannan ne allin dattijon nan. Ka zaɓi guda ɗaya, ƙarami, wanda ke ƙarƙashin ikonka, wanda in gwajin ya ƙi ba wanda zai cutu. Ka auna yadda yake kafin ka taɓa, ka gwada, ka sake aunawa.

Kuma kada ka sa rai da taron da ake tara mutane a ce kowa ya kawo shawara. Tun 1958 wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, sannan aka haɗa abin da suka samo, sun fi waɗanda aka zaunar tare kawo dabaru, kuma an sha maimaita irin wannan gwaji ana samun haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a taro: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, ƙarami yana jin nauyin babba, kafin layi ya zo kanka ka manta abin da za ka ce. Ka yi tunaninka kai kaɗai, ka kawo shi taro don a tace.

Wurin da na ga masu basira da yawa sun faɗi shi ne wajen kai magana gaban shugaba. Ignaz Semmelweis ya gano a 1847, a babban asibitin Vienna, cewa in likitoci suka wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-macen zazzaɓin jego na faɗuwa warwas. A sashensa sun sauka daga kusan kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 'yan watanni. Gaskiya tana hannunsa. Amma sai 1861 ya wallafa cikakken bayaninsa, kuma da aka yi masa gardama ya shiga rubuta wa manyan likitoci wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Ya rasu a 1865 ba a karɓi maganarsa ba. Ba na ɗora masa laifin taurin kan zamaninsa, amma ka riƙe wannan: tsarin da kake son gyarawa, wataƙila wanda ke zaune a gabanka ne ya kafa shi. In ka shiga da "wannan tsari bai yi ba" ka rufe ƙofa da hannunka. Ka shiga da "Yallaɓai, na gwada wani abu a reshe ɗaya, ya rage mana kwana biyu, ko za ka duba ka ga in akwai abin da na manta?" In ya ɗauki dabarar ya kai sama kamar tasa, zai yi ciwo, na sani. Ka ajiye shaidarka a rubuce, ka ci gaba. Ofis ƙaramin gari ne, ba a daɗewa ba a san mai yin abu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren aikin da ko me ka kawo ba za a saurara ba, inda tambaya laifi ce, kuskure ɗaya kuma ya isa a yi maka tambari. In ka gwada sau uku ko huɗu ta hanyar da ta dace aka ci gaba da toshe ka, matsalar wurin ce, kuma neman wani wuri ba butulci ba ne. Amma ko a irin wannan wuri akwai ɗan filin da ba mai iya ƙwace maka. Wasu masu bincike biyu, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, a aikin da suka wallafa a 2001, sun yi bayanin masu sharar wani asibiti da takardar aikinsu iri ɗaya ce, amma wasu sun tsaya a kan shara da goge-goge, wasu kuwa sun faɗaɗa aikin da kansu: suna hira da majinyacin da ba mai ziyartarsa, suna tsara lokacin shararsu yadda ba za su takura wa nas ba. Na biyun sun fi jin daɗin aikinsu, alhali albashi ɗaya, tsintsiya ɗaya.

Game da zane da waƙa kuwa, kada ka bari amsar nan ta sa ka yi zaton gyaran jadawali zai kashe maka wannan ƙishirwar. Ba zai kashe ba, ƙishirwa biyu ce daban. Ka sayi takarda da fensir a ƙarshen makon nan ka koma zanenka, ko rabin awa ne. Ranar Litinin kuma ka buɗe littafin takaicin. In mako biyun sun cika, aiko mini da abubuwa ukun da suka fi maimaituwa a ciki, mu duba wanda ya fi dacewa ka fara taɓawa.